Waifar da Muka Ɗauko a Sito

A da mutum ba ya zaɓen waifa. Motocin Zariya kusan duk 'yan gida ɗaya ne, ƙirar Faransa, abin da ke share gilashin wannan shi ke share na waccan. In roba ta mutu ba a taɓa ƙarfen. Sai a buɗe bakinsa da filaya, a zare tsohuwar, a zura sabuwa, a yanke abin da ya yi saura da reza. Kafin ka gama cin gyaɗar da ka saya a bakin shago an gama. Yanzu kuwa sai ka tsaya gaban bango cike da kwalaye. Akwai doguwa, akwai gajera, akwai mai ƙashin ƙarfe, akwai wadda ba ta da ƙashi ko kaɗan, tana lanƙwasa kamar bulala. Ga kuma bakin da ake maƙalawa: wani ƙugiya ne, wani fil, wani sai ka danna ya ce ƙas. Ba a ma sayar da robar ita kaɗai, sai da ƙarfenta, kamar a ce in takalminka ya cinye ka sake har da ƙafa.

Aikin auduga ya kai ni ƙasashe, kuma ni mutum ne mai kallon ƙananan abubuwa. A Hartum na ga motocin da suka tsufa waifarsu ba ta taɓa motsi ba. A Jamus babu wanda za ka tambaya. Littafi ne ɗaure da sarƙa a jikin kanta, ka nemo motarka a ciki, ka ɗauki kwali mai lambar, ka biya wata mata da ba za ta ɗago kai ta dube ka ba. A Abijan a kan danja ake sauya maka, kafin fitila ta ba da hannu, kuma wani lokaci sai ka ga sabuwar ta yi kama da wadda ta ɓace maka shekaranjiya. A Tudun Wada tsarin daban ne. Mutum kake zaɓa, sau ɗaya, kana matashi, daga nan sai ka zauna da abin da ya ba ka.

Nawa mutumin Ibo ne, Kirista, yana da shago a layin masu kayan mota. Ya zo Zariya yana saurayi, ya koyi Hausa rabi a bakin direbobi rabi a bakin wani dattijo mai gidan da ya yi haya, shi ya sa har yau gaisuwarsa ta malamai ce, zaginsa na tasha. Ina ce masa Oga. Shi kuwa yana ce mini Alhaji tun ban san hanyar Makka ba. Fiye da shekara talatin ban sayi ko noti a wani wuri ba. Ba alkawari muka yi ba. Haka layin yake: kowa da mutuminsa, kuma ba ka wuce ƙofar mutuminka ka shiga ta maƙwabcinsa yana kallo. Wanda ya yi haka ba za a ce masa komai ba, za a dai riƙa gaishe shi kamar baƙo.

Abin da ya sa wannan tsari bai kashe kowa ba shi ne sito. Babu shagon da ke da komai. In ka nemi abin da Oga ba shi da shi, ba zai taɓa cewa babu ba. Sai ya ce, “Zauna, Alhaji, bari in duba sito.” Ya fita ta ƙofar baya. Jim kaɗan ya dawo da kayan yana kaɗe shi da tsumma. Tun shekarun farko na san babu wani sito. Bayan shagon lungu ne da kwata, da ƙofofin bayan sauran shagunan. Wurin maƙwabci yake karɓowa, su daidaita a tsakaninsu daga baya, haka su ma suke zuwa wurinsa. Na sani, shi ma na tabbata ya san na sani. Ban taɓa furtawa ba. A Alƙahira na ga ana yin irin wannan, amma su sukan ƙwala wa maƙwabcin kira ne a gabanka, ba sa ɓoyewa. Namu ya fi kunya, kuma ya fi cin lokaci.

Tsohuwar motata ta Faransa ta gaji ni ma na gaji da ita, sai 'yata ta sawo mini 'yar Kwatano, ƙirar Japan. Da rani ta iso. Da rani kuwa ba mai tuna akwai wani abu waifa a duniya. Tana nan kwance a gindin gilashi, rana tana dafa ta wata da watanni, sai ranar ruwan farko kowa ya gane abin da ke gare shi.

Ni a hanyar Gyallesu na gane nawa. Mun fito daga gidan suna, ni da Hajiya, uwar 'ya'yana, sai ruwa ya kece. Na murɗa abin. Ta ɓangarena ta shafa ruwan a gilashi kamar mai shafa man gyaɗa a burodi. Ta ɓangaren Hajiya kuwa robar ta zare rabi, tana lilo tana bin ƙarfen a baya.

“Tana yi mana ban kwana,” in ji Hajiya.

Na sauke gilashin gefe, na fitar da kai, na tuƙa mu har gida da hula a jiƙe.

Washegari na je wurin Oga. Na jima ban zo ba, don sabuwar mota ba ta neman komai, kuma sai a ranar na lura da layin. Maƙwabcinsa na dama ya rasu, 'ya'yan sun mayar da wurin shagon kayan waya. Na hagu ya koma garinsu, wanda ya karɓa kayan keke da acaɓa yake sayarwa. Shagon Oga a cike yake har rufi, amma da na jingina da kanta sai wani babban kwali ya motsa da sauƙin da bai kamata ba. Ashe babu komai a cikinsa. Na gyara masa zama.

“Alhaji! Ka yi sabuwar amarya ka manta da dangi.”

“Amaryar ce ta kawo ni. Ba ta gani in ana ruwa.”

Ya fito yana dogara sanda, abin da ban san shi da shi ba. Ya zagaya motar, ya ɗaga waifar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya tsuke baki.

“Mutanen nan ba sa tsoron Allah. Dubi abin da suka yi wa ƙarfe. A Japan ɗin ma ka taɓa zama?”

“Ban kai can ba.”

“Shi ya sa. Da ka je da ka yi musu magana.”

Ya karyi tsinken tsintsiya ya auna ta ɓangaren direba, ya cusa tsinken a aljihu.

“Zauna. Bari in duba sito.”

Na zauna. Na gaisa da mai kayan waya. Aka kira azahar, na je na yi salla na dawo. Na sayi rake na sha. Can sai ga shi ta ƙofar baya, rigarsa ta manne da bayansa, yana riƙe da kwali biyu.

“Yaran nan sun hargitsa mini sito,” ya ce, yana haki. “Sai da na tona har ƙasa.”

Oga ba shi da yara a shago tun da daɗewa. Na ce Allah ya shirye su.

Waifar ba ta hau ba. Bakin nata fil ne, na motar ƙugiya. Oga ya ce ƙaramin abu ne, ya ɗauko wayar ƙarfe da filaya ya ɗaure su tam. Ya watsa ruwa daga buta, na murɗa. Suka tashi tare, suka haɗu a tsakiyar gilashi, suka sarƙe kamar 'yan kokawa, suka tsaya cak. Ashe motocin yanzu ta direba ce doguwa, ta fasinja gajera, shi kuwa ya kawo dogaye biyu. Ya raba su da hannu, ya ɗan lanƙwasa ɗaya.

“Ba su saba da juna ba ne. Ka ba su kwana biyu.”

Na biya, na yi godiya, na tafi.

Na ba su fiye da kwana biyu. Ba su saba ba. In ruwa ya yi ƙarfi sukan yi tafiya uku ko huɗu lafiya, sannan su rungumi juna. Sai in faka, in fita, in raba su, in dawo. Na koyi duban hadari kamar manomi. In gabas ta yi baƙi ba na fita, in fitar ta zama dole sai in hau keke in bar mota a gida.

Hajiya ba ta ga abin dariya ba.

“Alhaji, garin nan shago ɗaya ne?”

“Shagona ɗaya ne.”

“To ka saya a wani wuri ka yi shiru mana. Wa zai gaya masa?”

“Motar.”

Gaskiya na faɗa mata. Da fulogi ne ko bel, yana cikin bonet, ba mai gani. Waifa kuwa a goshin mota take. Duk ranar da na bi ta layin, kuma hanyar masallacinmu ce da ta kasuwa, Oga zai hango ta daga inda yake zaune. Mutumin da ya san kowane noti da ya taɓa shiga motata ba zai kasa gane waifar da ba ta fito daga hannunsa ba. Ba zai ce komai ba. Zai dai san cewa na duba shagonsa na ga abin da ke cikin kwalayen.

“In kun faɗa kwata,” in ji Hajiya, “sai ya je sito ya ɗauko maka sabon wuya.”

Na koma. A hanya na yi ta shirya yadda zan faɗa, don ba a ce wa mutum kayansa ba su yi ba.

“Oga, waifar nan lafiyayya ce. Motar ce ba ta da tarbiyya.”

Ya dube ni ta saman tabarau.

“Sun sake faɗa?”

“Kullum.”

Ya kwance wayar, ya cire su, ya tambaye ni tsohuwar ta asali. Tana but, na ɗauko masa. Ya riƙe ta a hannu ɗaya, sanda a ɗayan.

“Zauna. Akwai wani kwali a can ciki da ban buɗe ba.”

Bayan fitarsa na tashi in kama ruwa. Na ɗauki buta na bi ta lungun baya, wanda rabona da shi shekaru. Ƙofofin bayan shagunan duk a rufe suke, wasu an ma toshe su da bulo. Lungun ya kai ni har inda yake ɓullewa babban titi. A nan na hango shi.

Yana tsaye a bakin kwalta, waifata a hannunsa. Masu kayan motocin zamani duk sun koma tsallaken titi, can gaba wajen hanyar Tudun Jukun, tafiyar da ko mai lafiya sai ya yi gumi. Keke da acaɓa suna ta wucewa ba sarari. Ya sa ƙafa ɗaya a kwalta, wani ɗan acaɓa ya danna masa ham, ya janye. Ya jira. Ya sake sa ƙafa, ya sake janyewa. Wata mai tallan awara ta zo ta tsaya kusa da shi, ta duba dama da hagu, ta ratsa ta wuce abinta. Shi yana nan. Sai na gane inda ya je a ranar farko, da dalilin jiƙewar rigarsa, da kuma dalilin da ya sa bai koma ya canjo ba da ya ga ba su hau ba.

Na juya da butata kafin ya waiwayo. Ban ma kama ruwan ba.

Da ya dawo hannunsa babu kwali. Ya zauna a kujerarsa, ya jingine sandar, ya daɗe yana goge tabarau.

“Makullin ɗakin ciki ne ban gani ba. Ka dawo jibi.”

Jibi titin yana nan, gwiwarsa ma tana nan. In na ce to, zai sake zuwa ya tsaya a bakin kwaltar nan saboda ni, wata rana kuma ba zai janye ƙafar da wuri ba. In na ce ya bar shi, na sallame shi ke nan. Na iya harsuna biyar, na zauna a teburin ciniki da Larabawa da Faransawa, amma na rasa jimlar da zan yi. Da ta zo kuma ba wata gwaninta a cikinta.

“Oga, ga mota a ƙofa. Shiga in kai ka siton.”

Mai kayan waya yana jin mu. Ya sunkuyar da kai ya shiga goge abin da ba ya buƙatar guga.

Oga ya mayar da tabaransa. Ya dubi titi, ya dubi motar, ya dubi silin.

“Ba a kai kwastoma sito, Alhaji. Doka ce.”

“Ba kwastoma zai kai ka ba. Direba ne.”

“Direban da ba ya gani in ana ruwa.”

“Ai ba a ruwa yanzu.”

Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki kwaɗo.

“In ka tuƙa ni irin tuƙin da ka kashe wa waccan motar kuloci, zan sauka.”

Ya kulle shago, ya shiga gaba, ya ɗora sandar tsakanin gwiwoyinsa. Yana ba ni hanya kamar ban taɓa shiga Zariya ba. Yi dama. Yi hankali da wannan mai keken, ba shi da uwa a gari. Tsallaka. Ban ce masa na san wurin ba.

Shagon babba ne, mai ƙofar gilashi. Mai shi mace ce, za ta yi shekara arba'in, 'yar maƙwabcinsa na dama da ya rasu. Tana ganinsa ta fito da sauri ta rusuna.

“Baba! Yau da mota? Ai da ka bugo waya na aiko maka.”

“Waya ta masu ƙiwuya ce.”

Ta gaishe ni, ta dubi Oga, ta sake dubana, ba ta tambayi ko ni wane ne ba. A layin ta girma. Ta ɗaga hannun waifar ta duba ƙugiyar, ta shiga ta fito da iri uku ta jera a kan bonet. Duk bayaninta Oga take yi wa, ni ina tsaye a gefe kamar direba.

Ta farko mai ƙashin ƙarfe ce, irin wadda muka sani. Ta ce tana da sauƙi, amma rana na saurin cin robarta, damina ɗaya ce. Ta biyu marar ƙashi, ta ce ta fi kwanciya a gilashi mai lanƙwasa irin na wannan motar, kuma ba ta kuka. Ta uku kwalinta ya fi kowanne ƙyalli. Ta ce ita kanta ba ta san dalilin da ya sa ake sayenta ba, amma ana saye.

Oga ya zaro marar ƙashin, ya lanƙwasa ta, ya shinshina robar, ya bi bakinta da babban yatsa.

“Wannan ai maciji ne. Abin da ba shi da ƙashi yaya zai yi aiki?”

“Baba, harshenka ma ba shi da ƙashi, kuma tun ina yarinya bai huta ba.”

“Kin ji 'yar banza. Haka ubanki yake.”

Ya juyo gare ni.

“Direba, me ka gani?”

Rabon da a tambaye ni ra'ayina a kan kayan mota tun matar nan tana yarinya. Na ɗauki marar ƙashin na juya ta. Na ga irinta a Jamus tun ba ta iso nan ba, na kuma ga yadda take aiki a ruwan da ya fi namu naci. Ban faɗi haka ba, don kada a ce na fara labarin ƙasashen waje.

“Ina ganin a gwada macijin.”

“To, in ya sare ka ba ruwana.”

Ta kawo doguwa da gajera. Oga ya auna su da juna ya girgiza kai, ya ce a zamaninsu direba da fasinja daidai ake ɗaukarsu. Ta ɗauko ɗaya za ta maƙala, ya riƙe hannunta.

“Bar shi. A shago ake sa kaya.”

Ta mayar cikin kwali ta miƙa masa, ba ni ba. Suka yi 'yar magana da harshensu a bakin ƙofa, wanda ba ya cikin biyar ɗin da na iya. Na shiga mota na jira.

Muka dawo, kwalayen a kan cinyarsa. Da muka iso layin ya ce in sauke shi a bakin lungu, ni in zagaya ta gaba. Na zagaya, na faka, na tsaya a ƙofar shago mai kwaɗo. Sai da na ɗan jima na tuna cewa ƙofar baya daga ciki take da sakata. Shi ma a lokacin ya tuna. Ya sake fitowa ta bakin lungun, ya tako a hankali ta gaban mai kayan waya da mai kayan acaɓa, ya buɗe kwaɗon, ya shiga, ya wuce can ciki. Na ji ƙarar sakata. Ya buɗe ƙofar baya ya rufe. Sannan ya fito yana kaɗe kwalayen da tsumma.

“Alhaji, ka yi sa'a. Su ke nan suka rage.”

“Allah ya sa albarka a siton nan.”

“Amin.”

Ya danna ta farko ta ce ƙas, ya danna ta biyu ta ce ƙas. Ya tsaya yana dubansu, filaya a hannu, babu abin da zai yi da ita. Ya watsa ruwa, na murɗa. Suka tafi suka dawo ba wadda ta taɓa wata, gilashin ya fito tas har ina ganin furfurar girarsa.

“Ban yarda da ita ba,” ya ce. “Amma tafi da ita.”

Na biya shi a nan, a kan kantarsa, kamar kullum.

Hajiya ta ga waifar da yamma ta ce ashe na ji magana. Na ce daga wurin Oga take. Ta dube ni, ta dubi waifar, ta ce Allah ya kyauta, ta shiga gida.

Macijin ya yi damina biyu kafin rana ta gama da shi. Tun daga ranar da na kai shi siton, Oga bai sake tsayawa a bakin titin da ƙafarsa ba. In abu babu a shago, ko nawa ne ko na wani daga cikin tsofaffin da suka rage masa, sai ya bugo mini waya. In zo, ya kulle, ya shiga gaba, ni ke tuƙawa.